Sahu da Alƙibla: Yadda Aljabara Ke Fitar da Layin da Ya Gitta Wani a Kan Sukwaya

Duk wanda ya bi babbar hanyar nan da ta taso daga Kano, ta ratsa Wudil da Shuwarin da Kiyawa, ta nufi Azare, in ya lura da gine-ginen da ke bakinta zai ga wani abin mamaki. Shaguna da gidaje suna jeruwa ne bisa yadda hanya ta miƙe, amma sau da yawa sai a ga masallaci ya ɗan juya kafaɗa, kamar baƙon da bai san tsarin gari ba. Dalilin wannan a fili yake. Mai gida titi yake duba in zai yi gini, mai masallaci kuwa alƙibla yake duba. To, amma sanin alƙibla rabin aiki ne kawai. Layin alƙibla shi ne wanda ya taso daga ƙirjin mai salla ya nufi Ka'aba, kuma ba a ɗora bulo ko ɗaya a kansa. Abin da magini yake ginawa shi ne bangon gaba, abin da masallata suke tsayawa a kai shi ne sahu, kuma dukansu biyu suna kwance ne a kan wani layi dabam, wanda ya gitta layin alƙibla ba tare da ya rinjaya hagu ko dama ba. Irin wannan haɗuwa ta layuka biyu ita ce magina ke cewa ta hau sukwaya, masu lissafi kuma su ce kusurwa ce mai digiri 90.

Tambayar da za a warware a nan ita ce: in an san layi ɗaya, an kuma san ɗigon da ake so na biyu ya bi ta kansa, yaya za a fitar da na biyun da alƙalami, tun ba a kafa turke ko an ja igiya ba? Wannan tambaya ce da ɗaliban sakandare suka saba gamuwa da ita a jarrabawar lissafi, su amsa, su manta. Amma ita ce dai take jiran mai safiyo a wurin yankan fuloti, da injiniyan ruwa a wurin shimfiɗa bututu, da akawun da aka miƙa wa takardar ɗan kwangila ya duba kafin a biya.

Asalin wannan ilmi

Sukwaya ta girmi aljabara nesa ba kusa ba. Mutanen Babila sun san lambobin da ke ba da kusurwa mai digiri 90 fiye da shekara dubu kafin a haifi Fisagoras, Bagirken da aka laƙaba wa ka'idar sunansa. Uƙlidis, wanda ya yi zamani a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna yadda ake fitar da layin da ya gitta wani da ma'auni da abin zana da'ira kurum, ba tare da lamba ko ɗaya ba. An fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashid. A wannan birni ne kuma, wajen shekara ta 820, Muhammadu bin Musa Alhawarizmi ya rubuta littafin da kalmar aljabara ta samo asali daga sunansa. Sai dai fannonin biyu sun daɗe suna tafiya kowa da hanyarsa, wannan da zane, wancan da lissafin abin da ba a sani ba. A shekara ta 1637 ne Rene Dekart, mutumin Faransa, ya buga rubutun da ya ɗaura musu aure, ya nuna cewa ana iya bayyana layi da lambobi da haruffa. Wani lauya ɗan ƙasarsu mai suna Ferma shi ma ya cim ma wannan dabara a daidai wannan lokaci, ba tare da ɗayansu ya kwaikwayi ɗaya ba.

Kada a ɗauka cewa ƙasar Hausa 'yar kallo ce a wannan fage. Malam Muhammadu bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai yi aikinsa da ka ba. Wanda bai san daidaita kusurwa ba ba zai ɗaga bakan gizo na ƙasa ya tsaya shekara da shekaru ba. Abin da aljabara ta ƙara a kan gwanintar irin waɗannan mutane shi ne rubutu. Abin da gwani ya sani a idonsa da hannunsa yakan bi shi kabari, amma abin da aka rubuta da lambobi wani zai karanta a ofis a Dutse, ya gane shi daidai da yadda aka nufa a Katanga ko Andaza.

Adireshin ɗigo da karkatar layi

Dabarar Dekart mai sauƙi ce. A zaɓi wuri ɗaya a fili, alal misali kusurwar fuloti, a kafa turke, a ce daga nan za a fara ƙirga. Sa'an nan kowane ɗigo a filin a ba shi lamba biyu: ta farko, wadda ake kira x, ita ce yawan mitocin da za a taka gabas daga turken, ta biyu, wadda ake kira y, ita ce yawan mitocin da za a taka arewa. Ɗigon da aka rubuta (20, 8) yana nan inda mutum zai tsaya in ya yi mita 20 gabas, ya juya ya yi mita 8 arewa. Tafiya yamma kuwa, da tafiya kudu, ana sa musu alamar ɗebewa, domin komawa baya ce.

Kowane miƙaƙƙen layi yana da hali guda da ba ya canzawa daga farkonsa har ƙarshensa, watau yawan abin da yake hawa arewa a kan kowane taki da ya yi gabas. Wannan shi za a kira karkata, ana kuma rubuta shi da harafin m. Layin da ke hawa mita 2 arewa duk sa'ad da ya yi mita 5 gabas, karkatarsa 2/5 ce. Wanda ke gangarowa kudu yayin da yake tafiya gabas, karkatarsa tana ɗauke da alamar ɗebewa. In an san karkatar layi, an kuma san ɗigo ɗaya da ya bi ta kansa, a ce (a, b), to, an san layin baki ɗaya, kuma ana rubuta shi haka:

y − b = m(x − a)

Wannan jumla ita ce daidaiton layin. Ma'anarta ita ce, duk ɗigon da lambobinsa biyu suka sa hagu da dama na jumlar suka zo daidai, yana kan layin. Wanda bai sa ba, yana waje.

Ka'idar kanta

Ga ka'idar a taƙaice: in layuka biyu sun gitta juna a kan sukwaya, aka ninka karkatar ɗaya da ta ɗayan, amsa −1 ce. Ta wata fuskar, in karkatar layin farko 2/5 ce, a kifar da lambar, ta sama ta koma ƙasa, ta ƙasa ta koma sama, sa'an nan a sauya alama. Sai a sami −5/2. Ɗalibai da yawa sun haddace wannan kamar karatun allo, ba su taɓa tambayar dalili ba, alhali kuwa dalilin bai fi a gwada shi da ƙafa a tsakar gida ba.

A ce mutum yana tafiya a kan layi, kowane zango yana yin taki 5 gabas da taki 2 arewa. Sai aka ce ya tsaya, ya juya hagu rubu'in da'ira, ya maimaita irin tafiyarsa. Me ya faru? Da ya juya hagu, abin da yake gabansa, watau gabas, ya zama arewa. Abin da yake hagunsa a da, watau arewa, ya zama yamma. Saboda haka taki 5 da yake yi gabas yanzu arewa yake yin su, taki 2 da yake yi arewa kuma yamma yake yin su. Sabon layinsa yana hawa 5 arewa a kan kowane 2 na yamma. Yamma kuwa an riga an ce komawa baya ce, tana ɗauke da alamar ɗebewa. Ashe karkatar sabon layin 5 ce a kan −2, watau −5/2. Kifar da lamba ya zo ne daga musayar da gabas da arewa suka yi, sauya alama kuma ya zo ne daga komawar arewa yamma. In aka ninka 2/5 da −5/2, biyu ta cinye biyu, biyar ta cinye biyar, sai −1 ta rage. Babu wani abu na musamman game da 5 da 2. Kowace lamba aka sa a madadinsu haka za ta kasance. Da ya juya dama ma, layin da zai hau shi ne dai wannan, sai dai ya bi shi ta ɗaya ɓangaren.

Alƙiblar Kiyawa

Bahaushe yakan ce wa mai salla ya fuskanci gabas, har kalmar gabas ta zama kamar wani suna na alƙibla. Magana ce ta kusanto, ba ta awo ba. Garin Kiyawa yana wajen digiri 11.8 arewa da tsakiyar duniya, da digiri 9.6 gabas da layin Girinwic. Makka tana digiri 21.4 arewa, da digiri 39.8 gabas. Tsakaninsu akwai wajen kilomita 3,400. In aka yi lissafin, alƙiblar Kiyawa tana faɗawa wajen digiri 68 daga arewa, watau ta bar gabas sak ta karkata arewa da wajen digiri 22. Ta Dutse da ta Kano ma ba su yi nisa da wannan ba. Wanda ya tsaya a Kiyawa ya fuskanci gabas sak, da zai miƙe bai kauce ba, ƙasar Habasha zai faɗa, ya bar Makka a hagunsa da nisan da ya wuce kilomita 1,200. Kuskuren digiri ɗaya tak a nan yana zama fiye da kilomita 50 a can.

Wannan ba hujja ba ce ta aibata tsofaffin masallatai ko waɗanda suka gina su. Galibin malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa wanda yake nesa da Makka sashen da Ka'aba take aka ɗora masa ya fuskanta gwargwadon ƙoƙarinsa, kuma ƙaramar karkata ba ta ɓata salla. Hukunci na malamai ne. Amma wanda jama'a suka tara kuɗi suka damƙa masa, zai haƙa sabon harsashi, kuma hanyar sanin daidai tana hannunsa, ba shi da dalilin da zai zaɓi kusa da daidai. Banda haka, an sha ganin masallatan da bayan an gama su aka gane kuskure, aka koma ja wa masallata layi a karkace a kan daɓe. Sakamakon haka shi ne sahun farko ya gajarce, kusurwoyi biyu su zama kufai, a yi asarar wurin mutane da dama a ginin da aka biya kuɗinsa cif.

Karkatar digiri 22 daga gabas, in aka mai da ita lambobin da magini zai iya aiki da su, ta yi kusa ƙwarai da 2/5: mita 5 gabas, mita 2 arewa. Bambancin bai kai digiri ɗaya ba. To, a ce an sami fili a Kiyawa za a gina masallacin unguwa. An kafa turke a wani wuri a bayan filin, an mai da shi mafarin ƙirga, an ja layin alƙibla daga gare shi. Daidaiton wannan layi shi ne y = (2/5)x. An kuma yanke shawara cewa tsakiyar bangon gaba, inda mihirabi zai kasance, za ta zauna a ɗigon (20, 8). Ɗigon yana kan layin, domin biyu bisa biyar na 20 shi ne 8. Ana neman layin bangon.

Karkatarsa an riga an same ta, −5/2. Sai a zuba ta tare da ɗigon a cikin jumlar da ta gabata:

y − 8 = −(5/2)(x − 20)

A ninka hagu da dama da 2 domin a rabu da ɓangaren lamba, sai a sami 2y − 16 = −5x + 100. A tattara haruffa waje guda:

5x + 2y = 116

Layin bango ke nan. Amfaninsa a fili shi ne fitar da wuraren da za a kafa turaku. In x ta zama 18, to 5x ta zama 90, saura 26, y ta zama 13. In x ta zama 22, 5x ta zama 110, saura 6, y ta zama 3. Saboda haka turke ɗaya a (18, 13), ɗaya a (22, 3), igiyar da aka ja tsakaninsu ita ce fuskar bangon, tsawonta mita 10.8 ba kaɗan, mihirabi kuma yana tsakiyarta daidai. Sahu-sahun da za su biyo baya duk karkatarsu ɗaya da ta bangon, don haka kowannensu daidaitonsa 5x + 2y ne, lambar da ke dama ce kawai take raguwa daga 116 yayin da ake ja da baya. Duk sa'ad da aka ja baya mita 5 yamma da mita 2 kudu, watau wajen mita 5.4 a kan layin alƙibla, lambar tana raguwa da 29. A wannan tazara sahu huɗu za su shiga a sake.

Akwai wurin da ya kamata a yi hattara. Wannan aljabara ta shimfiɗaɗɗen fili ce, kuma fuloti shimfiɗaɗɗe ne gwargwadon bukata. Amma tsakanin Kiyawa da Makka ƙasa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, ta lanƙwasa. Wanda ya ɗauko taswirar bango irin ta aji, ya ɗora rula daga Jigawa zuwa Makka, zai sami karkatar wajen digiri 18 maimakon 22, domin taswirar ta baje abin da yake dunƙulalle. Fitar da alƙibla aikin lissafin dunƙulalliyar duniya ne, wanda malamai irin su Albiruni suka yi wa hidima. Shi ne ya rubuta littafi a 1025 inda ya fitar da alƙiblar birnin Gazna ta wannan hanya. Sai an karɓi alƙibla daga wancan lissafi tukuna aljabarar fili take kama aikinta.

Wanda ba ya so ya dogara da lambobin wani yana da hanyar da ba ta bukatar kome sai sanda da agogo. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba: ran 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10 da minti 18 na safe agogon Nijeriya, da ran 15 ko 16 ga Yuli da misalin ƙarfe 10 da minti 27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar sandar da aka kafa a miƙe kuma tana kwance a kan layin alƙibla. A ƙasar Dutse ta Mayu ta fi abin dogara, domin a tsakiyar Yuli damina ta kankama, hadari yana iya rufe rana a daidai minti ɗin da ake jira. Wannan hanya ta fi kamfas aminci, musamman a wurin gini, inda rodi da motar yashi da kwanon rufi duk suke jan allurar kamfas.

Gajeriyar hanya

Layin da ya gitta wani a kan sukwaya yana da wata fa'ida wadda ta shafi baitulmali kai tsaye: shi ne hanya mafi gajarta daga ɗigo zuwa layi. A ce babban bututun ruwa yana bin gefen wata hanya, daidaitonsa 3x − 4y = 0, watau yana hawa mita 3 arewa a kan kowane mita 4 na gabas. A ce kuma akwai ɗakin shan magani a ɗigon (100, 200), ana so a ja masa ruwa. A ina za a huda babban bututun?

In daidaito ya zo a wannan siffa akwai hanyar yanke. A musanya lambobin da ke jikin x da y, a sauya alamar ɗaya daga cikinsu. Daga 3x − 4y sai a sami 4x + 3y. Ka'idar nan ce dai ta kifarwa da sauya alama, ta sake riga. Sa'an nan a zuba ɗigon ɗakin shan magani domin a sami lambar dama: 4 sau 100, a tara da 3 sau 200, ya ba da 1,000. Layin reshen bututu ke nan, 4x + 3y = 1000. Inda ya haɗu da babban bututu shi ne ɗigon da ya gamsar da jumlolin biyu gaba ɗaya. Daga ta farko, y uku bisa huɗu ce ta x. A zuba wannan a ta biyu: 4x da (9/4)x sun zama (25/4)x, daidai da 1,000, saboda haka x ta zama 160, y ta zama 120. Daga (100, 200) zuwa (160, 120) akwai mita 60 gabas da mita 80 kudu. Bisa ka'idar Fisagoras, 60 sau 60 da 80 sau 80 sun haɗu sun ba da 10,000, tushensa kuwa 100. Reshen bututu mita 100 ne.

Yanzu a gwada da abin da ido zai zaɓa. Wanda ya ce a miƙe kudu sak, zai tarar da babban bututu a (100, 75), ya ci mita 125. Wanda ya ce a miƙe gabas sak, zai ci wajen mita 167. Bambancin mita 25 ko 67 na bututu da haƙa da ladan lebura ba ƙaramin abu ba ne a kasafin ƙaramar hukuma, balle in aikin ya shafi ƙauyuka goma. Gaskiya ne cewa wani lokaci gida ko maƙabarta ko kwari yakan tare gajeriyar hanya, dole a kewaya. Amma jami'in da ya san cewa mita 100 ce mafi ƙaranci yana da abin da zai tambaya in ya ga an rubuta 170, kuma wanda ya rubuta sai ya kawo dalili.

Lambobin nan 60 da 80 da 100 ba baƙi ba ne ga magina. Su ne 3 da 4 da 5, an ninka kowace sau 20. Birkila yakan auna 3 a kan igiya ɗaya, 4 a kan ɗayar, in tsakanin alamomin biyu ya ba da 5 cif, ya san kusurwarsa ta hau sukwaya. Da wannan ne za a tabbatar da turakun masallacin da aka ambata bayan an kafa su, domin lissafi yana iya zama daidai a takarda, mai riƙe da bakin tef ya ɓata shi.

Fuloti da maƙwabci

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano ran 27 ga Agusta 1991, aka mai da Dutse hedkwata, gonakin da ke kewaye da ita, har zuwa wajen Shuwarin, suka shiga komawa fulotai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Takarda kuwa ba ta hana rigima in awon da ke ƙarƙashinta ya karkace.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, fuloti yana iya cika awonsa ta kowane gefe, ƙafa 50 gaba da baya, ƙafa 100 hagu da dama, amma duk da haka ya zama karkatacce. Tsawon gefe huɗu ba ya tabbatar da kusurwa. In layin gefe ya kauce wa sukwaya da digiri 10, abin da mai fuloti ya rasa na faɗin ƙasa kaɗan ne, wajen murabba'in ƙafa 76 daga cikin 5,000, shi ya sa ba ya jin zafi. Amma kusurwarsa ta baya ta gusa da ƙafa 17, kuma cikin filin maƙwabci ta gusa. Ko da digiri 5 ne, ƙafa 9 ba kaɗan ke nan, wurin ɗaki guda. Ba a ganewa sai ranar da maƙwabci ya zo haƙa nasa harsashi, ya tarar da katanga a inda takardarsa ta ce nasa ne, daga nan sai gaban mai unguwa, in ba a dace ba sai gaban alƙali. Maganin abin bai fi minti goma ba a ranar awo. A ɗauki layin titi a matsayin layin farko, a fitar da na gefe da ka'idar da ta gabata, sa'an nan a auna fulotin daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta ɓangarorin biyu. A fuloti mai 50 da 100 kowanne ya kamata ya ba da ƙafa 111.8. In ɗaya ya fi ɗaya, akwai gyara.

Inda ake tuntuɓe

Kurakuran ɗalibai a wannan babi ba su da yawa, sai dai suna maimaituwa kowace shekara. Wani ya kifar da lamba ya manta alama, daga 2/5 ya tafi 5/2; layinsa ya gitta na farko a kan wajen digiri 46. Wani ya sauya alama ya manta kifarwa, ya rubuta −2/5. Nasa ya gitta a kan wajen digiri 44. Dukansu biyu sun sami rabin sukwaya, kuma da sun ninka karkatar biyu sun ga ba ta ba da −1 ba, da sun kama kansu. Akwai kuma wanda aka ba shi daidaito kamar 3x − 4y = 0 ya ɗauki 3 a matsayin karkata, bai ware y ita kaɗai ba tukuna. Masu zane su ma suna da nasu: in aka ba layin gabas ma'auni dabam da na layin arewa a takarda, a ce santimita ɗaya mita 10 a nan, mita 20 a can, layukan da suke kan sukwaya a fili za su fito a karkace a zane, mai dubawa ya yi ta gyaran abin da ba shi da laifi.

Wuri ɗaya ne ka'idar −1 take yin shiru. Layin da ya miƙe gabas sak ba ya hawa ba ya gangara, karkatarsa sifiri ce, sifiri kuwa ba ta kifuwa, domin ba a raba lamba da ita. Wanda ya gitta shi shi ne layin da ya miƙe arewa sak, wanda ba ya taka gabas ko taki ɗaya, don haka ba shi da karkatar da za a rubuta da lamba. A nan ba a bukatar ninkawa. In layin farko y = 8 ne, ana kuma neman wanda ya gitta shi ta ɗigon (20, 8), amsa ita ce x = 20: duk ɗigon da ke mita 20 gabas da turke, kome nisansa arewa ko kudu. Hanyar musanya lambobi da aka bi a lissafin bututu ita ba ta gamuwa da wannan cikas, domin babu rabawa a cikinta, shi ya sa masu safiyo da masu tsara lissafin kwamfuta suka fi son rubuta layi a wannan siffa.